Ranar da Yaya Sale Ya Ƙi Ɗaga Hannu

A kakar nan yayana Malam Salihu ya cika shekara tara da rasuwa. Sale Mai Rake mutanen garinmu suke kiransa, ni kuwa Yaya kawai na sani, domin shi ya riƙe ni bayan mahaifinmu ya rasu, shi ya tsaya mini har na zama malamar firamare. Duk shekara idan lokacin ya zagayo mukan taru a gidansa a sauke Alƙur'ani, a raba waina da gumba, a yi masa addu'a. Bana ma mun taru. Sai dai tun kafin a kira la'asar baƙi suka fara neman takalmansu, dangin matarsa na Saulawa da 'yan uwan Innarmu na Taba, saboda yanzu ba mai son magariba ta same shi a hanya. Na tsaya a bakin zaure ina kallon babura suna tashi, ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga yadda muka koma.

Kada mai karatu ya wahalar da kansa wajen tuno sunan, bai taɓa jin sa a rediyo ba. Manomin rake ne, yana da fadama a bakin rafi, yana dafa mazarƙwaila ya kai kasuwar Makarfi. Kansila ya taɓa yi, sau ɗaya, bai ko kai ga neman zango na biyu ba. Ba zan faɗi sunan jam'iyyarsa ba, ba kuma zan faɗi ƙaramar hukumar ba, domin wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma halin da zan ba da labarinsa ban ga jam'iyyar da ta tsira daga gare shi ba.

Ya shiga jam'iyyar tun tana adawa, lokacin da a mazaɓarmu duk wanda aka gani a taronta sai ya haƙura da takin gwamnati na wannan shekarar. A zaurensa ake taro, tabarminsa ake shimfiɗawa, matarsa Binta ke dama kunun da ake sha. Maganarsa ɗaya ce, har yara sun haddace ta suna kwaikwayonsa: kuɗin jama'a, ko na sayen alli ne, a faɗa wa jama'a inda aka kai shi. Da jam'iyyar ta ci zaɓe, shi ya zama kansila, abokinsa na tun ƙuruciya ya zama ciyaman, mun yi murna kamar an sauke mana kaya. Ni da kaina na yi guɗa a tsakar gida.

A shekararsa ta biyu a kujera aka fara satar shanun huɗa. Da farko jifa-jifa ne, a can ƙauyukan bakin daji, daga baya abin ya matso. Wanda bai yi noma da shanu ba ba zai gane zafin ba. Magidanci ya wayi gari ya ga turke ba kowa, ya san daminar bana ta wuce shi ke nan, shi da iyalinsa. Ana cikin haka aka kashe Isiyaku, wani saurayi na ƙauyen da ke gabas da mu, wanda ya bi sawun shanunsa shi kaɗai. Bai daɗe da aure ba. Ban taɓa ganin fushi a fuskar mutanenmu irin na ranar da aka kai shi makwancinsa ba.

Ciyaman ya ce yaƙi aka kawo mana har gida, kuma da yaƙi za a rama. Shawarar da ya kawo ita ce a kwashe kuɗin da aka ware don gina ɗakin haihuwa a garinmu, ginin da ya riga ya kai taga, a haɗa da na gyaran wasu kwalbatoci, a mayar da su kuɗin tsaro. Kuɗin tsaro kuwa kowa ya sani, ba a tambayar inda ya shiga. Da shi za a saya wa samari babura da bindigogi ƙirar maƙera, su shiga daji su tashi duk rugar da suka tarar. Zaɓe ya ƙarato, jama'a suna jiran su ga an yi wani abu. Kafin zaman majalisa jam'iyya ta tara kansilolinta ta ce magana ta ƙare, gobe kowa ya ɗaga hannu. A nan Yaya ya ce shi ba zai ɗaga ba.

Labarin ya riga shi isowa gida. Inna tana da rai a lokacin, ta kira ni ta ce in je in yi masa magana, tunda yana jin tawa. Na same shi a fadama da yamma, ana matsar rake, yana tsaye a bakin tukunya yana kwashe kumfa.

Na gaishe shi, na ce, "Yaya, Inna ce ta aiko ni."

Ya ce, "Na sani, Hajara. Zauna ki sha rake."

Na ce ba rake ya kawo ni ba. Mutum aka kashe, mutane suna cikin tsoro, ni ma ina ciki, ta yaya shi kaɗai zai tsaya ya ce a'a?

Ya ajiye ludayin ya ce, "Ni ma so nake a kama wanda ya kashe Isiyaku. Na ce musu a nemo jami'an tsaro a zaunar mana, mu ciyar da su, mu ba su masu nuna hanya. Na ce in sintiri za a yi, a yi shi da sanin masu unguwanni, a san wanda aka ba bindiga da ranar da zai mayar. Suka ce ba lokaci. Na tambaya wace ruga ce ta yi kisan, ba wanda ya sani. Rugar Arɗo Buba tana dajin nan tun zamanin kakanmu, nononsu kika sha kika girma. Ita ma a tashe ta?"

Na ce, "Amma jam'iyyarka ce, Yaya. Kai ka gina ta."

Ya ce, "Lokacin da waɗancan suke kan mulki, shekara nawa na yi ina cewa kuɗin da ba a bayani a kansa sata ce? Kin ji ni, kin yi mini tafi. Yanzu don namu ne ke riƙe da shi sai in ce ya halatta? In na yi haka, to can ma ba gaskiya nake faɗa ba, kujera nake nema."

Na koma na gaya wa Inna. Ta ce halin ubansa ne, Allah ya kyauta.

Washegari aka zauna. Waɗanda suke cikin zauren sun ba ni labari cewa da aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu, Yaya ya ɗora nasa a kan gwiwoyinsa ya sunkuyar da kai. 'Yan adawar da ke majalisar su ma sun ƙi, amma su ba wanda ya yi mamakinsu, da ma aikinsu ke nan. Shawara ta wuce da rinjaye. Kafin mako ya zagayo jam'iyya ta dakatar da shi, aka ce ya ci amana, ya haɗa kai da 'yan adawa. A bakin kasuwa kuma maganar ta fi haka muni, aka fara raɗe-raɗin wai yana da shanu a hannun Fulani, shi ya sa yake kare su. Yaya bai taɓa mallakar saniya ba ban da shanun huɗarsa biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar sadakar arba'in ta Isiyaku. Mun hana shi zuwa, ya ce bai ga dalilin da zai hana shi ba. Na bi shi, na shiga wajen mata, ina jiyo komai ta zana. Ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki, ba wanda ya matsa masa a tabarma. Ya tsuguna a ƙasa ya yi ta'aziyya. Mahaifin mamacin, Malam Garba, dattijo ne mai sanyin hali, ya dube shi ya ce, "Sale, da ɗanka aka ɗauko a amalanke, tambaya za ka tsaya yi?"

Yaya ya ce, "Baba, ban sani ba. Wataƙila da ni ne farkon ɗaukar bindiga. Shi ya sa nake ganin kuka zaɓe mu, don ranar da zuciyarku ta ƙuna a samu wanda zai tsaya ya tambaya a madadinku."

Malam Garba ya kawar da kai, hawaye yana bin gemunsa. Har ya rasu ban ji ya sake ambaton Yaya ba, da alheri ko da sharri, kuma ban taɓa ganin laifinsa ba.

Samari suka shiga daji. An ƙone rugage, har da ta Arɗo Buba, an kora shanu, wasunsu an gan su daga baya a kasuwanni a hannun mutanen da ba makiyaya ba. Mutanen Arɗo suka kwashe abin da ya saura suka yi gaba, ba mu san inda suka nufa ba. Har yau ba wanda ya nuna cewa su ne suka kashe Isiyaku.

Dole in faɗi ɗaya gefen, domin Yaya ba zai yafe mini ba in na ɓoye. Satar ta lafa. Damina biyu aka yi ba a kwance ko sa ɗaya ba a yankinmu. Mutane suka riƙa nuna shi da baki suna cewa da an bi ta Sale da yanzu ba sauran shanu. Ni ma na samu kwanciyar hankali a wannan tsakanin, na kuma faɗa masa. Ya ce, "Ban ce ba za ta lafa ba, Hajara. Cewa na yi bindigar ba za ta dawo ba." Ba ta dawo ɗin ba. Ranar zaɓe baburan nan da bindigogin nan muka gani a bakin rumfuna. Cikin samarin akwai waɗanda suka riƙe amana, suka ci gaba da gadin gari tsakani da Allah, wasu ma sun rasa rayukansu a kai, Allah ya jiƙansu. Akwai kuma waɗanda suka gane cewa mai bindiga ba ya rasa abin kai wa gida.

Tsayuwarsa ba shi kaɗai ta shafa ba. Ni aka ɗauke ni daga makarantar cikin gari aka kai ni wata can ƙetaren rafi, inda da damina sai na tuɓe takalmi na tattare zani kafin in isa aji. Mijina, wanda ɗan jam'iyyar ne, ya daɗe ba ya taka gidan Yaya. Wasu dillalai suka daina sayen mazarƙwailarsa. 'Yan adawa suka zo masa da tayin takara, suna zaton ya nuna, sai tsinka. Ya ba su ruwa suka sha, ya ce musu shi bai bar jam'iyyarsa ba, ita ce ta dakatar da shi, kuma da su ne a kan kujerar abin da za su yi ke nan. Duk ranar taron jam'iyya sai ya sa rigarsa ya je ya zauna a gindin mangwaron da ke gaban ofis, tunda an hana shi shiga, in an fito ya gaisa da kowa ya hau kekensa. Wasu suna dariya, wasu suna sauya hanya don kada su haɗa ido da shi.

Hawan jini ne ya kayar da shi a fadama. An kai shi asibiti a Zariya, ya yi 'yan kwanaki, Allah ya karɓi abinsa. Ciyaman ya zo jana'iza, ya yi kuka a gaban mutane, ya ce bai taɓa sanin mai gaskiya irin Sale ba. Na yarda da hawayensa. Yana son Yaya, kawai dai bai iya zama da shi a majalisa ɗaya ba.

Yanzu fa, bayan shekara tara? Abin da ya tayar mana da hankali a wancan lokacin, yau in an tuna sai a ga kamar wasa ne. A da shanu ake kwancewa, yanzu labarin ɗaukar mutane muke ji daga garuruwan da ba su da nisa da mu. Gonakin da ke nesa da gari wasu an bar su sun koma daji. Gida-gida ake bi ana karɓar kuɗin sintiri, kuma ni ce farkon bayarwa, ban taɓa tambayar inda yake zuwa ba, domin tsoro nake ji. Ɗakin haihuwar nan yana nan a taga, awaki ke fakewa a ciki, mata masu naƙuda har yau a bayan babur ake ɗaukar su zuwa Ikara ko Makarfi.

In na kunna rediyo sai in ji abin da aka yi a ƙaramin zaurenmu shi ake yi a manyan zauruka. Duk shekara a ce an ƙara kuɗin tsaro, an kusa gamawa da 'yan bindiga. Wanda jam'iyyarsa ke mulki ya ce a yi haƙuri, ba a tona sirrin yaƙi. Wanda tasa ke waje ya ce a kawo bayani. In mulki ya juya sai su yi musayar baki, wannan ya ɗauki maganar wancan, ba kunya ba nauyi. Ina jin da Yaya yana nan ba yawan ɓarayin ne zai fi ba shi tsoro ba. Abin da zai fi damunsa shi ne yadda tambaya ta zama laifi, har mutum ya rasa wanda zai ce wa nasa ka yi kuskure.

Ba na cewa daidai ya yi a komai. Akwai ranakun da nake tunanin da ba a ba samarin nan bindiga ba, wataƙila da tuni an cinye mu. Akwai kuma ranakun da nake tunanin yaran da aka ƙone wa ruga suna kallo, yanzu sun girma, ina suke, me suke riƙe da shi? Ban san amsar ko ɗaya ba. Abin da na sani shi ne tambayoyin da ya yi a bakin tukunyar nan har yau ba wanda ya amsa su.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne Bashir, ɗansa na fari. Shi ne kansilan mazaɓarmu yanzu, a jam'iyyar da ke riƙe da ƙaramar hukumar. Ranar sadakar, da baƙi suka watse, ya same ni a ɗakin mahaifiyarsa ya zauna a ƙasa. Ya ce an kawo musu shawara a ɗauke kuɗin gyaran makarantu a mayar kuɗin tsaro, a hannun ciyaman shi kaɗai, kuma jam'iyya ta ce ba ta son jin wata murya daban.

Ya ce, "Gwaggo, me kike ganin Baba zai yi?"

Ya san amsar, ni ma na sani. Amma zamanin ba ɗaya ba ne. A lokacin Yaya, wanda ya ƙi kujera yake rasawa da abokai. Yau in aka laƙaba wa mutum sunan infoma, mai kai wa 'yan bindiga labari, ba a jiran alƙali. Bashir yana da yara ƙanana. Bakina ya cika da in ce masa ɗaga hannunka ka dawo gida lafiya, makarantu ba a kanka suka fara lalacewa ba. Ni malama ce, na san rufin da ke yoyo a kan yara, amma a wannan lokacin ɗan yayana kawai nake gani.

Abin da na iya faɗa masa shi ne wani abu da bai sani ba. Na ce, "Da safen ranar da mahaifinka zai je majalisa na zo gidan nan. An kawo masa koko, ya zubar da shi a rigarsa, sai da ya sake wata. Ya ce mini, Hajara, tsoro nake ji. Ku kun tashi kuna jin ana cewa Sale ba ya tsoro. Yana ji, kamar yadda kake ji yanzu. Bai bar maka wasiyyar ka yi abin da ya yi ba, ni ma ba zan ɗora maka ba. Ka yi istihara, ka yi abin da za ka iya kwana da shi."

Ya yi godiya ya tashi. Makon da ya wuce aka zauna. Bashir ya miƙe ya nemi a sa masu unguwanni da limamai su san yadda za a kashe kuɗin, a kuma bar na makarantu inda yake. Aka ce ya zauna, ba lokaci. Da aka zo ƙuri'a bai ɗaga hannu ba. Shawara ta wuce. Ba a dakatar da shi ba tukuna, amma an daina kiransa taro, kuma wani ya riga ya tambaya a majalisar masu shayi wai me ya sa gidan Sale kullum su ne ba sa son a yi maganin ɓarayi. Tun ranar, duk lokacin da wayata ta yi ƙara sai na ji tsoro kafin in duba. Na kira shi na ce ya daina bin hanyar Kurmin Kogi shi kaɗai. Ya ce to Gwaggo, da irin muryar da na san ba dainawa zai yi ba.

Jiya na je wajen Binta. Muka zauna a tsakar gida, tsofaffi biyu, tana tsince wake ina taya ta. Can ta ce, "Hajara, na yi irin wannan zaman sau ɗaya, ban zaci zan sake yin sa ba." Na ce sai addu'a. Ta ci gaba da tsintar wakenta, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Amma da ya ɗaga hannun nan, ban san da wane ido zan dube shi ba."

Yaya bai bar gini da sunansa ba, bai bar titi ba, shawarar da ya ƙi ma ta wuce ba tare da shi ba. In da nasara ake auna ɗan siyasa, to bai yi ba. Abin da ya bari hali ne, mai tsada, wanda ba ya hana komai faruwa a ranar, sai dai ya hana a ce kowa ya yarda. Ina alfahari da wannan gado, ina kuma jin tsoronsa, ban san wanne ya fi yawa ba. Allah ya jiƙan Malam Salihu, ya haskaka kabarinsa. Wanda ya gaje shi kuma, ya Allah, ka dawo mana da shi gida duk yamma.